Yadda ake nema wa ɗan Yukren maganin jarabar giya, daga ranar farko zuwa watannin da ke biye

Wanda ya shafe kwana biyar ko goma yana shan giya dare da rana, ba a raba shi da kwalba farat ɗaya. A nan ne iyalai masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Matar gida ta gaji, ta tuttular da abin da ya rage, ta kulle ƙofa, ta ɓoye makulli, bayan kwana biyu sai ga mijin a ƙasa yana jijjiga. Jikin da ya saba da barasa, in aka yanke masa ita kwatsam, abin yana iya kaiwa ga rasa rai. 'Yan Yukren suna kiran irin wannan doguwar sha zapiy, kuma da yawa daga cikin masu zuwa neman magani a ƙasar, ita ce ke kawo su.

Matsalar ta girmi yaƙi. Binciken da aka gudanar a ƙasar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya yana yin sha mai nauyi a zama guda, kuma maza sun fi mata nesa ba kusa ba. Da Rasha ta ƙaddamar da babban farmaki a Fabrairun 2022, birane da yawa, har da Kiyef, sun hana sayar da giya gaba ɗaya na ɗan lokaci, daga baya aka sassauta. Abin da yaƙin ya ƙara shi ne dalilan sha: rashin barci saboda jiniyar hari, mutuwar 'yan uwa, gudun hijira, raunin ƙwaƙwalwa daga ƙarar fashewa, da zaman kaɗaici na mazan da iyalansu suka ƙetare iyaka.

A fara da sanin yawan abin da yake sha

Likita ba zai iya komai da amsar “yana sha da yawa” ba. Lissafi yake so. Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne awo ɗaya, wato giram 10 na tsantsar barasa. Horilka, farar giyar ƙasar mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari, mililita 30 nata awo ɗaya ne. “Giram ɗari” da ake zubawa a tebur, wato mililita 100 na horilka, ya haura awo 3. Ƙaramar kwalba mai mililita 250 awo 8 ce, mai rabin lita kuwa kusan awo 16. Rabin litar giyar kwalba mai kashi 5 awo 2 ne, mililita 100 na ruwan inabi awo ɗaya. Samohon da ake dafawa a gida ba shi da tsayayyen ƙarfi, sau da yawa ya fi na kanti, don haka a lissafa shi sama, kada a lissafa shi ƙasa.

A samu littafi a rubuta na mako guda: me ya sha, nawa, ƙarfe nawa ya fara. Lokacin farawar nan ya fi komai faɗin gaskiya. Mutumin da sai ya kurɓa da safe kafin hannunsa ya daina rawa ya riƙe kofin shayi, jikinsa ya riga ya kamu, ko da kuwa bai taɓa tangaɗi a titi ba. Awo 6 a zama ɗaya shi ake kira sha mai nauyi. Akwai kuma takardar tambayoyi goma ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna AUDIT, ana samunta da harshen Yukren, cikawarta ba ta wuce minti biyar. Maki 8 zuwa sama alamar haɗari ce, 20 zuwa sama kuwa yana nuna akwai yiwuwar kamuwa sosai, kuma mai irin wannan maki bai kamata ya daina sha shi kaɗai ba tare da likita ba.

Tambayoyi uku ne za a nemi amsarsu tun kafin a je asibiti, domin su ke raba wanda za a kula da shi a gida da wanda sai an kwantar. Ya taɓa jijjiga bayan ya daina sha? Ya taɓa ganin abin da babu, ko jin muryoyi? Waɗanne ƙwayoyi yake haɗawa da giyar? Ta ukun tana da muhimmanci ƙwarai a Yukren. A akwatin maganin gidaje da yawa akwai Korvalol, ɗigon da tsofaffi ke sha don bugun zuciya, alhali yana ɗauke da fenobarbital mai sa barci. Akwai gidazepam na kwantar da hankali, akwai pregabalin da tramadol a hannun waɗanda suka ji rauni. Duk waɗannan, in suka haɗu da giya, suna danne numfashi.

Lokacin da ba a jira

Lambar motar asibiti ita ce 103, ana kuma samunta ta 112. Taimakon gaggawa kyauta ne ga kowa, kuma dokar hana fitar dare ba ta tsayar da shi.

Alamun janyewar giya daga jiki suna da jadawalinsu. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe ake fara karkarwa, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Jijjiga ta fi zuwa a cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar da ake kira bila haryachka, wadda takan zo a rana ta biyu zuwa ta huɗu, daidai lokacin da iyali suka fara cewa an tsallake. Mutum zai rasa sanin inda yake, zazzaɓi ya rufe shi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, ya riƙa kakkaɓe ƙwarin da ba kowa ke gani ba daga jikin bargo. Abin ya fi tsananta da dare. Wannan ba hauka ba ne da za a ɗaure shi a jira gari ya waye. Ciwo ne na kisa, kuma asibiti na iya maganinsa.

A kira 103 nan take in ya yi jijjiga, in ya ruɗe, in yana aman jini ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, in idonsa ya yi ɗorawa, in ya buga kai a ƙasa, ko in an tashe shi ya ƙi tashi kuma numfashinsa ya yi ƙasa. Kafin motar ta iso, a kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa ƙafar sama, a ɗan ɗaga haɓarsa, don kada amai ya shaƙe shi. Kada a tura masa cokali a baki yayin jijjiga. Kada a sa shi a ruwan sanyi don ya farfaɗo. A lokacin hunturu a rufe shi da kyau: giya tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi, kuma a gidan da aka ɗauke wuta da na'urar ɗumama ɗaki, buguwa tana kashewa ta hanyar sanyi.

Sai jabun giya. A ƙarshen 2016 gomman mutane sun mutu a ƙasar, akasarinsu a yankin Karkif, saboda giyar da aka haɗa da metanol, wata barasa mai guba. Mugun halin metanol shi ne jinkiri: mutum zai yi maye kamar kullum, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da ciwon ciki su taso, gani ya dushe kamar ana kallo ta cikin hazo. Ɗan kaɗan, kamar mililita 10, yana iya makantarwa. Duk wanda ya sha giyar da ba a san asalinta ba ya ce idonsa na yi masa wani iri, a kai shi asibiti a lokacin, a tafi da kwalbar, a kuma nemo waɗanda suka sha tare da shi.

Ƙofar shiga

Tun bayan gyaran tsarin lafiya, Hukumar Lafiya ta Ƙasa da ake kira NSZU ce ke biyan asibitocin da suka ƙulla yarjejeniya da ita, kuma maganin jaraba yana cikin abin da take biya ƙarƙashin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙofa biyu ce.

Ta farko likitan iyali. Kowane ɗan ƙasa yana zaɓar nasa ya sa hannu a takardar rajista, da fasfo, da lambar haraji, da lambar waya. Wanda yaƙi ya raba da garinsu zai iya ganin likitan iyali a inda ya sauka. Dubban likitocin iyali sun samu horo a shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ƙunshi matsalar shaye-shaye, don haka suna iya auna shan, su yi gwajin hanta da na jini, su ba da shawara, su tura gaba. Ga mutumin da kunya ta hana shi kusantar asibitin mashaya, wannan ƙofa ta fi sauƙi, domin ba wanda zai san abin da ya kai shi.

Ta biyu narkoloh, likitan shaye-shaye, ko likitan ƙwaƙwalwa. Waɗannan biyun ba sa buƙatar takardar turawa daga kowa. Mutum zai iya tafiya kai tsaye, ko ya kama layi ta manhaja irin Helsi. Kafin a tafi, a buga 16-77, layin NSZU, a tambayi wane asibiti ne a kusa yake da yarjejeniyar kula da masu wannan ciwo, na kwanciya ko na je-ka-ka-dawo. In akwai yarjejeniya, ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya ba na kuɗi ba ne. In aka nemi kuɗi a kan abin da ke cikin yarjejeniyar, a wannan layin ake kai ƙara.

Babban abin da ke hana mutane zuwa shi ne tsoron “shiga rajista”, gadon zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da sunan mashayi kan isa wurin aikinsa. Doka ta ɗora wa likita riƙe sirrin majiyyaci. Gaskiya ne lasisin tuƙi da izinin riƙe makami da wasu ayyuka suna buƙatar binciken likita, saboda haka a yi tambayar ƙarara a zaman farko: me za a rubuta, wa zai iya gani, me zai shafa. Amma a auna da ɗaya gefen. Iyakar barasa a jinin direba a Yukren 0.2 ce cikin dubu, wadda kusan babu ce, kuma kamun farko tarar hryvnia 17,000 ne da ƙwace lasisi na shekara guda. Shan ne ke cin lasisin kafin magani ya taɓa shi.

Kwanakin fitar da giya daga jiki

Wannan mataki yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7. Ginshiƙinsa magani ne daga dangin diazepam, wanda ke maye gurbin giyar a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, ana rage shi kullum har a tsaya. Dalilin kuwa shi ne giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta ƙara wa kanta kuzari don ta yi daidai. Ranar da aka cire giyar, kuzarin nan ya rasa mai riƙe shi, shi ne karkarwa da jijjiga. Likita ne ke tsara yawan maganin gwargwadon alamu da lafiyar hanta. Ba a ba mashayi kwalinsa ya riƙe, ba a kuma ci gaba da shi bayan mako, in ba haka ba an sauya masa jaraba da jaraba.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne tayamin, wato bitamin B1. Mai doguwar sha ba ya cin abinci, hanjinsa kuma ba ya tsotsar bitamin yadda ya kamata. In aka ɗura masa ruwan sukari ba tare da tayamin ba, ɗan abin da ya rage a jikinsa zai ƙare, ƙwaƙwalwa ta samu lahanin da kan bar mutum da mantuwa har abada. Alamunsa ruɗewa, tangaɗi ba tare da maye ba, da rawar ƙwayar ido. Ɗan uwa yana da haƙƙin ya tambaya: an ba shi B1?

A kwantar da duk wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa, da mai ciwon hanta ko zuciya ko sukari, da mai juna biyu, da tsoho, da mai haɗa giya da ƙwayoyi, da wanda ya yi maganar kashe kansa, da wanda ba shi da mai kwana da shi. Sauran za a iya kula da su a gida, bisa sharaɗin ganin likita a kai a kai da samun mutum mai hankali a kusa dare da rana.

A garuruwan da ke kusa da fagen daga, inda isa ga likita kan ɗauki kwanaki, abin da ya fi aminci shi ne ragewa sannu a hankali maimakon yankewa: a tsayar da adadin da yake sha, a raba shi a tsawon yini, a riƙa rage kamar kashi ɗaya cikin goma kowace rana, ana ba shi abinci da ruwa da B1. Wannan dabarar tsira ce kafin a kai ga likita, ba magani ba ce.

Tallan “fitarwa daga zapiy a gida” ya cika intanet da jikin turakun titi a biranen ƙasar. Mota za ta zo, a rataya ledar ƙarin ruwa a jikin ƙofar kabad, a yi allurar barci, a karɓi kuɗi, a tafi cikin awa biyu. Mutumin zai farka da ɗan sauƙi, iyali su yi ajiyar zuciya. Matsalar ita ce haɗarin yana rana ta biyu zuwa ta huɗu, lokacin da babu kowa a wurin. Allurar barci a jikin da giya ba ta gama fita ba tana iya tsayar da numfashi, ruwa mai yawa kuma yana yi wa raunanniyar zuciya nauyi. Ko da komai ya tafi daidai, ƙarin ruwa ba ya taɓa jarabar. Iyalai da yawa sun mayar da shi al'ada, duk wata biyu a kira mota, shekaru suna wucewa ba a fara magani ba.

Batun koduvannya

Da wuya a yi maganar mashayi a Yukren wani bai ce a kai shi a yi masa koduvannya ba. Hanyar ta samo asali daga likita Oleksandr Dovzhenko na garin Feodosiya a Kirimiya, hukumomin Sobiyet suka amince da ita a shekarun 1980. Zama ɗaya ne: a tsoratar da mutum, a cusa masa cewa an sa masa wani kulli a ƙwaƙwalwa na shekara ɗaya ko uku, in ya sha jikinsa zai shanye ko ya mutu. Wani nau'in kuma allura ce, ko ɗinke ƙwayar disulfiram, maganin da ke sa jiki ya rikice in an sha giya, a ƙarƙashin fata.

Wasu sun daina sha bayan an yi musu, wannan ba a musu. Amma tsoro ne ke riƙe su, kuma babu ingantaccen binciken da ya tabbatar da hanyar. Ga yadda take lalacewa: mutum ya yi ta ƙirga kwanaki har wa'adi ya cika ya koma sha fiye da da, ko ya gwada kurɓi ɗaya ya ga bai mutu ba, daga nan ya daina yarda da kowane likita. Rashin barcin da baƙin cikin da suka kai shi ga kwalba suna nan ba a taɓa su ba. Ƙwayar da ake ɗinkewa kuma ba ta sakin magani daidai a jini, wurin ɗinkin yana iya ruruwa. Mafi haɗari shi ne matan da ke barbaɗa wa miji disulfiram ko ɗigon hana sha a abinci ba da saninsa ba. In ya sha giya a kai, fuska za ta yi ja, jini ya faɗi, zuciya ta rikice, mai ciwon zuciya yana iya mutuwa a wurin. Kada a taɓa yin haka.

Abin da ke riƙe mutum bayan mako na farko

Magunguna uku ne aka tabbatar da amfaninsu, kuma likita ne ke rubuta su. Naltrexone, miligiram 50 sau ɗaya a rana, yana rage daɗin da giya ke bayarwa da kwaɗayinta. Sharaɗinsa mai tsauri ne: ba a ba wanda ke shan tramadol ko mofin ko metadon ko bufrenofin, domin zai jefa shi cikin matsananciyar janyewa nan take, sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu su a jiki, an kuma duba hanta. Wannan ya shafi sojojin da suka ji rauni kai tsaye. Acamprosate yana kwantar da ƙwaƙwalwar da ta daina sha, ana shan sa sau uku a rana, ya dace da mai matsalar hanta amma sai an duba ƙoda. Disulfiram na haɗiya yana aiki ne kawai ga wanda ya yarda da kansa, ya san abin da zai biyo baya, kuma wani yana kallon sa yana haɗiya kowace safiya. Ana ci gaba da waɗannan magunguna watanni, galibi 6 zuwa 12. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye su a wata na biyu saboda an ji sauƙi.

Magani shi kaɗai ba ya isa. Ana buƙatar zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake bin abubuwa dalla-dalla: wace rana ce, wane aboki ne, wane lokaci na yamma ne ke jan shi, me zai yi a minti ashirin ɗin da kwaɗayin ke tashi kafin ya lafa, me zai ce in aka miƙo masa kofi a wurin biki ko zaman makoki. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake ɗaga kofi don tunawa da mamaci, kuma mamatan sun yi yawa. Gara ya shirya jimlarsa tun daga gida. “Ina shan magani” takan rufe bakin mai tayi fiye da dogon bayani. Ƙungiyoyin mashayan da suka daina, AA, suna zama a manyan birane da ta intanet, kyauta, ba a tambayar sunan mahaifi. Al-Anon kuma ta iyalansu ce.

Barci yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita, a gaya masa tun da wuri don kada ya ɗauka maganin ne bai yi ba. In baƙin ciki ko firgici bai ragu ba bayan mako uku zuwa huɗu da daina sha, ciwo ne mai zaman kansa da ke son nasa maganin.

Cibiyoyin magani na kuɗi

Akwai nagari, akwai kuma gidajen da 'yan sanda suka sha kai wa samame suna fito da mutanen da aka tsare da ƙarfi. Kafin a biya ko kwabo, a nemi ganin lasisin aikin likitanci daga Ma'aikatar Lafiya, a san sunan likitan da ke wurin da lokutan zuwansa, a karanta yarjejeniya, a shiga a ga ɗakunan kwana. A tambaya ko majiyyaci zai iya fita ranar da ya so, ko zai iya waya da gida. Duk cibiyar da ta ce za ta aiko ƙarti su ɗauke shi cikin dare, ko ta yi alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ko ta hana shan maganin da likita ya rubuta, a bar ta. Laifi ne a tsare baligi ba da yardarsa ba. Kwantarwar dole tana yiwuwa ne kawai a asibitin ƙwaƙwalwa, ga wanda ya zama haɗari ga kansa ko wasu, bayan kwamitin likitoci ya duba shi kuma kotu ta amince.

Sojoji da waɗanda suka dawo

Soja mai aiki yana tsoron hukunci, domin sha a bakin aiki laifi ne mai tara mai nauyi a ƙarƙashin dokar soja. Hanyarsa ita ce likitan rundunarsa, ko masanin halayya ko limamin rundunar. Ga wanda ya dawo gida, abin lura shi ne giya sau da yawa maganin barci ce da ya rubuta wa kansa. Tana sa shi barci da wuri, ta tashe shi ƙarfe uku da mafarkin da ya fi na jiya muni. In ya taɓa samun girgizar ƙwaƙwalwa daga fashewa, haɗarin jijjiga ya ƙaru, kuma ɗan kaɗan ke bugar da shi. A nemi wurin da zai kula da shan da firgicin yaƙin tare, kada a ce sai ya daina ɗaya kafin a duba ɗayan. Cibiyar Lisova Polyana da ke Kiyef ta ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin sojoji, ƙungiyar Veteran Hub kuma tana ba su da iyalansu shawara kyauta. In akwai bindiga ko gurneti a gidan, fitar da su ya riga komai.

Abin da iyali za su iya

Ba a magana da mutum yana cikin maye. A jira safiyar da ya tashi jiki ba daɗi, a faɗi abu ɗaya da ya faru ba tare da zagi ba, a kawo tayi a shirye: an samu layi wurin likita gobe ƙarfe goma, zan raka ka. A daina biya masa bashi da yi masa ƙarya a wurin aiki, amma kada a daina nuna jin daɗi a ranakun da bai sha ba. In akwai duka, maganar ta sauya: a kira 102 na 'yan sanda, ko 15-47 na gwamnati, ko 116 123 na ƙungiyar La Strada. 'Yan sanda suna da ikon ba da umarnin gaggawa na nisanta shi da gidan har kwana 10. In kuma yana shanye albashi ko fansho har iyali sun shiga ƙunci, sashe na 36 na dokar farar hula ya ba kotu damar taƙaita ikonsa a kan kuɗi ta naɗa mai kula da su.

Waɗanda ke gudun hijira a Tarayyar Turai suna ƙarƙashin kariyar wucin gadi da aka fara a Maris 2022, wadda ta haɗa da kula da lafiya. A Polan ana zuwa poradnia leczenia uzależnień, wato asibitin maganin jaraba, ba tare da takardar turawa ba. A Jamus ofisoshin masu fama da jaraba da ake kira Suchtberatung, waɗanda ƙungiyoyi irin Caritas da Diakonie ke gudanarwa, suna ba da shawara kyauta cikin sirri. A nemi tafinta baligi, kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa ko ubansa irin wannan magana.

Komawa sha bayan an daina abu ne da ke faruwa da yawa, musamman a watanni ukun farko, don haka a rubuta shirinsa tun kafin ya faru: wa za a kira, wane likita, wane asibiti. In kurɓin yini ɗaya ne, a koma wurin likita a cikin makon, a faɗa masa gaskiya, a duba abin da ya jawo. In ya kai kwana uku a jere, an koma matakin farko, kuma kowace janyewa takan fi ta baya tsanani, saboda haka wanda aka kula da shi a gida a karon farko yana iya buƙatar gado a karo na uku. Mai shan disulfiram da ya koma sha ya tsayar da ƙwayar nan take ya sanar da likita, domin aikinta yana ci gaba a jiki har kusan mako biyu bayan haɗiyar ƙarshe.